Jirgin ƙasa a Minnesota, na dutse ne ba na mutane ba

Yaya barka da war haka, ya iyali ya su Inna. Ka tambaya ko gaskiya ne a Amurka ko'ina mutum zai je jirgin ƙasa yake hawa. To wallahi a nan Duluth, jihar Minnesota, bakin tafkin Superior, ɗan Rigasa ya fi ni gata, shi da safe zai yanki tikiti ya sauka Idu ya yi harkarsa ya dawo Kaduna ya kwana, ni kuwa in zan je Minneapolis, tafiyar kusan kilomita 250, sai dai mota ko bas, don jirgin fasinja na ƙarshe ya bar garin nan tun 1985. Ana ta maganar za a dawo da shi, maganar dai ake yi.

Amma layin dogo kam ga shi nan birjik, dare da rana kana jin ƙararsa, sai dai abin da yake ɗauka kaya ne, musamman tama. Arewa da mu akwai wurin da suke ce wa Iron Range, can ake haƙo dutsen ƙarfe, kuma saboda shi aka shimfiɗa layukan da suka nufi can tun farko. A 1884 aka fara sauke tama a Two Harbors, wani gari a bakin tafkin, a 1892 kuma aka fara fito da ta Mesabi, wani yanki na Iron Range ɗin, daga baya kamfanonin dogo biyu da ke jan tamar suka haɗe suka zama Duluth, Missabe and Iron Range, har Canadian National na Kanada ya saye shi a 2004. Ka ga ai labarin namu ne, Turawa da suka kawo dogo Kano a 1911 ba don kakanninmu su je ziyara suka yi ba, kaya suke so su kai teku, su auduga suka sa a rai gyaɗa ta zo ta ƙwace kasuwar. Mu dalar gyaɗa ta ƙare layin ya kwanta, su da tama mai kyau ta yi ƙasa sai suka koma niƙa wani dutse mai tauri, taconite, suna dunƙula shi ƙanana kamar gurjiya, jirgi ya ci gaba da samun lodi.

Lodin nan abin kallo ne. Sun gina wata doguwar gada ta ƙarfe da ta shiga cikin ruwa, tana da tsayi sosai, jirgin ƙasa ya hau kanta da taragu, a buɗe gindin kowane tarago kayan su zube cikin rumbunan da ke ƙasa, jirgin ruwa kuma ya raɓo gefe a sauke masa wasu manyan indararo su yi ta kwarara a cikinsa, ba ɗan dako ko ɗaya, kuma wasu jiragen ruwan tsawonsu ƙafa 1,000 ne. Tsakiyar Janairu zuwa ƙarshen Maris ƙanƙara ta sa a rufe mashigar tafkin, sai a yi ta tara kayan tsibi tsibi ana jira.

Tsohuwar tashar garin, ginin 1892, yanzu gidan tarihi ce. Ciki akwai William Crooks, kan jirgin da ya fara aiki a jihar a 1862, da wani ƙato mai lamba 227 mai cin kwal da aka ƙera a 1941 don jan tama, tayarsa ɗaya ta kusa kai tsayina, an goge shi tas yana ƙyalli. Tsofaffi 'yan fansho ne da yawa ke kula da su kyauta don sha'awa kawai, nan kam sun burge ni, mu da tuni 'yan jari bola sun auna shi a sikeli. Da rani suna ɗaukar mutane a tsofaffin taragu har Two Harbors a dawo, amma fa yawon shan iska ne da kuɗinka, ba mai zuwa aiki a ciki.

Na fasinja na gaske sai ka gangara St. Paul, babban birnin jihar da ke daura da Minneapolis. Akwai Empire Builder na Amtrak, kamfanin jiragen fasinja na Amurka, da ke wucewa sau ɗaya a rana kowane ɓangare, tsakanin Chicago da can yamma Seattle, a 2024 suka ƙara Borealis zuwa Chicago. Kujera mai faɗi, ga wurin cajin waya ga bayi mai tsafta, ba turereniya a ƙofa, amma yawancin layin mallakar kamfanonin kaya ne shi ya sa wani lokaci na mutane ke tsayawa a daji sai na kaya ya wuce.

Don haka ka faɗa wa ƙaninmu in takardunsa sun fito ya fara koyon tuƙi tun a gida ya samu lasisi, a nan marar mota ko cefane sai ya roƙi a rage masa hanya. A gaida kowa da kowa.