Ta lantarki ta cinye Mustang a tashi, amma ta hana ni barci

Duk wanda ya ce muku motar lantarki ta mata da tsofaffi ce, bai taɓa taka totur ɗin mai inji biyu ba. Tawa SUV ce, wato irin manyan motocin nan masu tsayi, ƴar China, ta Lome ta shigo, kuɗin irinta kuwa kun sani ba sai na faɗa ba. Ɗan baffana ne ya ishe ni da tsiya. Shi Mustang GT gare shi, mai injin V8 (silinda takwas) na lita 5, wadda in ya tashe ta a Sabon Gari sai an jiyo a Birni, kuma duk inda muka haɗu sai ya ce wai na zuba miliyoyi na sayo firji mai taya. Da abin ya kai ni maƙura na ce, "Yaya, mu je gudron ya raba mu."

Da sassafe muka fita hanyar Tanut, can inda hanya ta miƙe sak babu gari kusa. Muka tura yaro gaba a kan babur ya duba mana awaki da amalanke, wani kuma ya tsaya tsakaninmu da hula a hannu. Yana sauke hular na taka har ƙasa. Wallahi ƙeyata ce ta fara bugun kujera, wayar da na aje gaban sitiyari ta yi tsalle ta faɗo kan cinyata. Babu ruri, babu girgiza, sai wani siririn fito kawai. Na leƙa madubi na hango Mustang tana ta kururuwa a wuri ɗaya, tayoyin baya na juyawa a kan rairayin da iska ta watso bisa gudron, gindinta na karkacewa. Kafin ta kama ƙasa na ba ta tsawon mota uku ko fiye.

Ba asiri ba ne. Injin lantarki yana sakin dukkan ƙarfinsa tun mota na tsaye, giya ɗaya ce tal, kuma tayoyi huɗu ne ke ja. V8 kuwa sai ya hau juyi tukuna, ya canja giya, sannan tayoyin baya kaɗai ke turawa. Ga shi tawa ta haura tan biyu saboda batir, ta ɗara Mustang nauyi da ɗaruruwan kilo, amma a tashi ko alamar nauyin ba ka ji. Kuma fa tawa ba ita ce ƙarshe ba, Tesla Model Y Performance ta kafin 2025 a daƙiƙa 3.7 take kai gudun kilomita 100 a awa. Da a nan aka tsaya, da na ba motar nan goma bisa goma.

To ba a nan aka tsaya ba. Muna haura 140 na ji jan ya fara sanyi, rurin V8 kuma na ƙaruwa a kunnena. Allura na taɓa 180 motar ta ƙi ƙara ko ɗaya, kwamfutarta ta ɗaure ta a nan, ko ka karya totur. Mutumin ya wuce ni yana ɗaga mini hannu ta taga, don tasa sai 250 take tsayawa. Dillalin da ya sayar mini ya cika ni da labarin tashi, bai taɓa buɗe baki kan wannan ba.

Na haɗiye, na ce ai wa ke gudun 200 a hanyoyinmu in ba mai neman lahira ba. Abin da ya ɓata mini rai da gaske batir ne. Ina kallon lambar cajin na zubewa a allo, don iskar da mota ke kecewa in gudu ya ninka sau biyu ita ninkawa take sau huɗu. Muka sake gwadawa bayan rana ta ɗaga, sai ga saƙo wai batir ya ɗau zafi an rage ƙarfi, tashin da nake taƙama da shi ma ya zama na kowa da kowa. A watan Afrilu, a Damagaram, yaushe ne batir ba zai ɗau zafi ba?

Muka dawo gari, shi ya ratse gidan mai, cikin minti biyar ya cika tanki da esansin da ake tacewa nan bayan gari tun 2011, ya tafi karin kumallo. Ni na zo gida na soka waya a bango. Soket ɗin gida bai fi kilowat biyu da ɗoriya yake bayarwa ba, batir mai kilowat-awa 80 kuwa sai ya sha fiye da awa talatin kafin ya cika, in kuran ya tsaya ke nan. Bai tsaya ba. Tsakar dare aka ɗauke, na tashi da fitilar waya na tayar da gurup, wanda shi ma esansi yake sha. Uwargida ta leƙo ta taga ta ce, "Alhaji, ba kai ka ce mun rabu da sayen mai ba?"

Cikin gari kam ba ni da ƙorafi, kilim ɗinta ma na aiki mota na tsaye ba hayaƙi. Amma Maradi, da ke wajen kilomita 230, sai na yi lissafi da alƙalami kafin in kama hanya, kuma ba na wuce 100. Yamai ko a mafarki. Babbar na'urar caji ta bango da dillalin ya rantse tana cikin kwantenar da ke tafe har yau ban gan ta ba, yanzu ma in na kira sai yaronsa ya ɗauka ya ce mai gida na Dubai.