Ledar PPF ko siramik: wanne ya dace da sabuwar mota a Kano?

Alhaji, Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya, ya sa a kashe lafiya. Ka ce ka ɗauko sabuwar mota baƙa. Wani shago a Abuja ya ce ka kawo a naɗe ta gaba ɗaya da ledar nan garai-garai da ake kira PPF, wani kuma a nan Kano ya ce ka rabu da su, ya shafa mata siramik a kuɗin da bai kai rabin wancan ba, wai duk aikinsu ɗaya. Ka kuma ce duk wata kana shiga Kaduna ko Abuja, sauran kwanakin kuma tsakanin gida ne da Kantin Kwari.

Aikinsu ba ɗaya ba ne. Wanda ya ce maka ɗaya ne, ko dai bai sani ba, ko kuma ciniki yake nema.

Mu fara da kauri, don a nan maganar take. Fentin da mota ke fitowa da shi daga kamfani, in aka haɗa shimfiɗarsa duka, yakan kai maikiron 100 zuwa 150, kuma maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Shimfiɗar sama mai ƙyallin nan, wadda ita ce ke karɓar duk wani duka, ba ta wuce maikiron 40 zuwa 50. Ledar PPF ta kirki kaurinta wajen maikiron 200 ne, wato ta fi fentin kansa kauri, ga shi tana da taushi, in tsakuwa ta buge ta sai ta shanye bugun. Asalinta ma ba don mota aka yi ta ba. Kamfanin 3M ne ya yi wa sojan Amurka ita a zamanin yaƙin Biyetnam, don yashi da tsakuwa suna cinye farfelar jirage masu saukar ungulu. Siramik kuwa ruwa ne da ake shafawa ya bushe ya yi tauri, kaurinsa maikiron 1 ko 2. Man shafawa yana maganin kaushi, amma mai taka ƙaya takalmi yake nema.

To me ke ɓata fenti a garin nan? Ni dai abu uku na sani, kuma kowanne da maganinsa daban.

Na farko tsakuwar hanya. Duk mai bin titin Zariya zuwa Kaduna, wanda aka fara sake ginawa tun 2018, ya san ƙarar nan ta "tas" in ya shiga bayan tifar tsakuwa ko tirela. Haka hanyar Wudil, haka ta Haɗeja. Kowace "tas" ɗigo ne a bonet ko bamba, kuma a baƙar mota ɗigon fari yake fitowa, daga nesa ana hango shi. A nan leda ce ke aiki. Siramik ba ya tsinana komai, ko kwalba nawa aka shafa.

Na biyu Adaidaita Sahu. Tun da aka hana acaɓa a 2013 suka cika gari, kuma wanda ya taɓa shiga cunkoson Kwari ko Bata ko Singa da la'asar ya san yadda suke kutsa kai ta inda ko akuya ba za ta bi ba. Ga masu kura, ga 'yan dako. In gogar sama-sama ce, irin wadda ke barin layin ruwan ɗorawa a ƙofa, leda za ta karɓa, sau da yawa a goge ya fita, fentin ƙasa bai san an yi ba. Amma in ƙarfen ya shiga da ƙarfi, zai yaga ledar ya taɓa fenti. In kuma jikin ya lotsa, ya lotsa ke nan, leda ba ta hana lotsawa. Sai fanalbita, sai mai fenti, sannan ka sake sayen sabuwar leda ta wannan ƙofar. Ka ga hasara ta zama biyu. Wannan shi ne abin da masu tallar naɗe mota duka ba sa faɗa.

Na uku shi ne wanda ya fi ɓarna, kuma a gidanka yake: ƙura da tsumma. Ƙurar hunturun da ke taso mana daga arewacin Chadi akwai ɓurɓushin yashi a cikinta, kuma yashi ya fi fenti tauri nesa ba kusa ba. Maigadi ko yaron gida ya tashi da sassafe, da kyakkyawar niyya, ya ɗauki busasshen tsumma ya share motar Alhaji. Ya yi haka tun daga Nuwamba har Fabrairu. Kafin zafi ya shigo, ka duba bonet ɗin a rana, za ka ga siraran layuka suna zagaye kamar an zana su. A wurin wankin mota ma haka ne: bokiti ɗaya, omo, soso ɗaya da aka wanke taya da shi aka hau da shi saman mota.

A wannan na ukun ne siramik ke da abin faɗa, amma ba yadda ake tallarsa ba. Yana sa jiki ya yi santsi, datti ba ya kamawa sosai, ruwa yana gangarewa, wanki ya zo da sauƙi. Kashin tsuntsu da 'ya'yan darbejiya da ke zubo wa mota in an ajiye ta a inuwa ba sa saurin cin fenti. Ƙyalli kuma sai wanda ya gani, musamman a baƙar mota. Amma 9H ɗin nan da ake rubutawa a kwali ma'aunin taurin fensir ne, ba wani abu ba, yashi yana kwarzanarsa lafiya lau. Akwai kuma matsalar ruwan burtsatse: siramik yana sa ruwa ya dunƙule ɗigo-ɗigo, in ba a tsane ba rana ta busar da shi, sai gishirin ruwan ya bar tabo zagaye-zagaye. Ledar kirki ita kuma tana da wata shimfiɗa a sama wadda ƙananan kwarzane ke ɓacewa a kanta in ta ji zafi. A ƙasashen sanyi ruwan ɗumi suke zuba mata. Mu nan ranar Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, ta isa ta yi aikin kyauta.

Wajen daɗewa, manyan kamfanonin leda irin su XPEL da 3M da SunTek suna ba da garanti na wajen shekara 10 a kan samfuransu na sama. Siramik ana cewa shekara 2 zuwa 5, gwargwadon irinsa. Da ranarmu da omonmu, ni ba zan yi lissafi da ƙarshen adadin ba a ko wannensu. Garantin ma sai in wanda ya saka maka wakili ne da kamfanin ya amince da shi, kuma ya yi maka rajista. Takardar da shago ya buga da kansa, garantin shagon ne, ranar da ya tashi ta tashi.

Wajen kuɗi kuwa babu haɗi. A Amurka, inda ake yin ledar, naɗe mota duka yakan kai dala 5,000 ko fiye, kuma mu shigo da ita ake yi, da canji da kwastan. Don haka in wani ya ce zai naɗe maka mota duka a farashin da ya ba ka mamaki don araha, to ka tambayi me zai manna. Kasuwa ta cika da leda iri-iri. Ta ainihi ana kiranta TPU. Akwai ta PVC da wata da ake kira TPH, masu araha, waɗanda a rana irin tamu sukan yi ja-ja, su bushe, su tsattsage, ranar cirewa kuma su bar gam ɗin da sai an yi yaƙi da shi. Akwai kuma ledar canza kala, wadda samari ke yi wa motocinsu, ita siririya ce, ado ce ba kariya ba. Ka ce a nuna maka kwalin naɗin, da sunan kamfani da lamba, a buɗe shi a gabanka.

Yanzu ga hanya ta uku da ba ka ambata ba, kuma ita mafi yawan Kanawa ke bi: kada a saka komai, in ta ƙwarzane a kai wa mai fenti. Ba wauta ba ce. Bamba roba ce, fentinta ba tsada, kuma mai saye ba ya tada hankali don an taɓa fesa bamba. Inda ake jin jiki shi ne bonet da ƙofofi da fenda. Ka je wurin dillalai, tambayar farko ita ce, fes bodi ce, wato fentin kamfani ne ba a taɓa sake fesa ta ba? Suna da dalili. A kamfani ana gasa fenti ne a zafin wajen digiri 140 tun jikin yana ƙarfe zalla, babu waya babu roba. Mai fenti, ko yana da ɗakin gashi, bai wuce wajen digiri 60, in ba haka ba ya narkar da kayan motar. Fentinsa ba zai kai na kamfani ƙarfi ba. Ga wahalar dacen kala: baƙi zalla da sauƙi, amma baƙi mai ƙyalƙyali, ko farin nan mai sheƙin lu'ulu'u na Toyota da Lexus da ake fesawa hawa uku, da wuya a haɗa ya zauna daidai da ƙofar da ke kusa. Abin da leda ke saya maka ke nan, ka sayar da mota bayan shekaru kana cewa fes bodi da gaskiyarka. Sai dai kada ka sa rai dillali zai ƙara maka kuɗin ledar a kan farashi. Ba zai ƙara ba. Ragi ne kawai ba zai samu hujjar yi maka ba.

Wannan ya kawo ni kan wata tambaya da ya kamata a yi kafin komai, kuma ba don kai kaɗai ba, don da yawa a nan in sun ce sabuwa 'yar Kwatano suke nufi. Motar sabuwa ce fil, ko ta taɓa shan fenti? Da yawa daga motocin da ake shigowa da su daga Amurka masu haɗari ne da aka gyara. In aka manna leda a kan fentin da ba na kamfani ba, ranar cirewa tana iya tahowa da shi. Akwai 'yar na'urar auna kaurin fenti, ana ɗora ta a jiki ta nuna lamba, duk shagon da ya san aikinsa yana da ita. Inda lamba ta yi tsalle ta ninka ta sauran wurare, an taɓa wurin. In kuma kwanan nan aka fesa, sai an jira aƙalla wata guda fentin ya gama bushewa.

Da ni ne da motarka da irin tafiyarka, gaba kawai zan naɗe: bamba, bonet gaba ɗayansa, fenda biyu, bayan madubai da fitilu. In da saura, a ƙara gefen ƙofofi, ramin hannun ƙofa inda farce da zobe ke karta, da saman bambar baya inda ake jan kaya daga but. Na ce bonet gaba ɗaya da gangan. Akwai masu saka rabi don rage kuɗi, sai layi ya raba bonet biyu, jar ƙurarmu ta taru a bakin layin, kuma ba ta fita. Sauran jikin a shafa siramik in aljihu ya yarda, ana ma iya shafa shi a kan ledar. Naɗe mota duka na bar wa mai motar da kuɗin ledar ba zai ji shi ba, irin Land Cruiser ko Lexus LX sabuwa, ko mota mai fenti marar ƙyalli wanda ba a iya yi wa folish. Wanda kuma motarsa ba ta fita gari, daga gida sai ofis sai masallaci, ya riƙe kuɗinsa ya yi rumfa a gida, ya sayi tawul masu laushi na wankin mota da sabulunta, ya hana kowa taɓa ta a bushe. Maganar lotsawa kuwa aikin inshora ne mai ɗaukar komai, ko takaful ga wanda ya fi natsuwa da shi, kuma ka sanar da su akwai leda tun ranar biya, don kada a zo gyara su ce ba su san da ita ba.

Mai sakawa ya fi sunan ledar muhimmanci. Da ruwan sabulu ake shimfiɗa ta, a matse ruwan a hankali, kuma duk ƙwayar ƙurar da ta shiga ƙarƙashi ta zauna ke nan har ranar cirewa. Wanda zai yi maka a ƙarƙashin rumfar kwano a bakin titi, a cikin hunturu, ka yi masa godiya ka wuce. Rufaffen ɗaki ake nema mai haske sosai. Ka tambaya ko da kwamfuta ake yanka ledar daidai da samfurin motar, ko da reza a jikin mota. Gwani yana iya yanka da reza bai taɓa fenti ba, amma wanda bai ƙware ba zai bar maka tsaga a ƙarƙashi da ba za ka gani ba sai bayan shekaru. Ka ce ya nuna maka motar da ya yi bara, ba wadda ya gama jiya ba, ka duba bakin ledar ko ya ɗaga, ko ya yi baƙi.

In an saka, a bar ta kamar mako guda ba wanki. Ƙananan kumfan ruwa da za ka gani a farko suna bushewa da kansu, kada yara su sa allura. Ka gaya wa mai wanki ya ja injin feshinsa baya in ya zo bakin leda, kuma ban da fetur ko kananzir wajen goge kwalta. Tunda kana da tafiya a watan nan, a yi aikin kafin ka hau hanya, don ɗigon da tsakuwa ta riga ta yi, leda garai-garai ce, ba ta ɓoye shi.