Git ko Subversion: wa ke riƙe wa fayil ranarsa?

Ɗan'uwa, ka ce ka jawo shafin shagonku da Git, manhajar da ke ajiye tarihin canje-canjen fayiloli, a sabuwar kwamfuta, fayilolin duka suka fito da ranar yau, manhajar FTP mai tura fayiloli zuwa intanet ta ɗauka sababbi ne, ta sake tura su gaba ɗaya har forfe ya ƙare. Kana so kowane fayil ya ɗauki ranar da aka yi masa commit na ƙarshe, wato ranar da aka shigar da canjinsa na ƙarshe cikin tarihi.

A Subversion, wata manhaja mai aiki irin na Git, abin ba wuya. Ka buɗe ~/.subversion/config, a ƙarƙashin miscellany ka sa use-commit-times = yes. Shi ke nan.

Git kuwa ba ya ajiye lokacin fayil ko kaɗan, kuma da gangan ne tun da Linus Torvalds ya ƙirƙiro shi a 2005. Dalili shi ne make, kayan aikin harhaɗa manhaja daga rubutunta, wanda ke duba lokacin fayil kafin ya san abin da zai sake harhaɗawa. Ka koma tsohon reshe, wato wani tsohon sashe na tarihin aikin, fayil ya zo da ranar bara, sai make ya ga abin da ya harhaɗa jiya ya fi shi sabunta, ya tsallake shi. Ka tashi da manhaja rabi tsohuwa rabi sabuwa, ka kwana neman kuskuren da ba ya cikin rubutunka. Wannan tarkon yana nan a Subversion ma in ka kunna wancan layin, shi ya sa yake zuwa a kashe.

To a Git da hannu ake yi. git log -1 --format=%ct sai sunan fayil zai ba ka lokacin, ka miƙa wa touch, umarnin da ke canza wa fayil lokaci. Amma in fayiloli sun kai dubbai, zai ja jiki, don kowanne sai an bi masa tarihi daban. Wani kayan aiki mai suna git-restore-mtime ya fi sauri, zagaye ɗaya yake yi. In kuma tar kake buƙata, wato fayiloli a ɗaure cikin ƙunshi ɗaya, git archive na sa wa duka lokacin commit ɗin, rana guda ga kowa.

Hattara da jawo aiki da --depth 1, wato commit na ƙarshe kaɗai, wanda mu nan Maradi muke so saboda rezo: tarihin commit ɗaya gare shi, don haka duk fayiloli rana ɗaya za su samu.

Ni dai ba zan bar Git don wannan ba. Ka ware foldar turawa daban, can ka gyara lokutan, wadda kake harhaɗawa a ciki kuma kar ka taɓa ta.