Gyaran bamba da haɗa kala: yadda aikin wani garejin fenti a Kano yake

A birnin da babur mai ƙafa uku ke kutsawa duk inda ya ga 'yar kafa, da wuya ka ga bambar mota ta shekara ba tabo. Garejin da ake magana a kai ƙarami ne, yana kusa da kasuwar Ƙofar Ruwa, kuma yawancin aikinsa irin waɗannan ƙananan raunuka ne: gogewa, lotsawa, tsagewar kusurwa. Aikin da aka auna su da shi bambar baya ce ta Toyota Corolla ƙirar 2010 mai ruwan azurfa, wadda ta lotsa a kusurwar hagu, ta kuma tsage kamar tsawon ɗan yatsa.

Abu na farko da ya nuna sun san aikinsu shi ne cire bambar gaba ɗaya. Masu fenti da yawa kan liƙa jarida a jikin mota su fesa a nan inda take, sai fentin ya taru a bakin gaɓa, bayan wata biyu ya fara ɓarewa daga nan. Su kuwa suka kwance ta, suka juya cikinta suka nemi hatimin da kamfani ke bugawa. A wannan an rubuta PP, wato irin robar da ake yin yawancin bambobin motocin yanzu da ita. Wannan hatimi shi ke faɗa maka abin da zai kama da abin da ba zai kama ba. Gam ɗin faiba ba ya riƙe PP yadda ya kamata, sufa gulu ma haka. Bodi fila na ƙarfe kuwa, wato ƙullin da ake cike lotsawar jikin mota da shi, idan ya bushe ba ya lanƙwasa, ita kuma bamba kullum cikin motsi take. Ranar da wani ya ɗan jingina da ita sai ka ga zane kamar saƙar gizo ya fito a saman fentin.

Lotsawar da zafi suka fitar da ita. Ana ɗumama wurin da na'urar hura zafi daga ciki da waje, ana yawo da hannu don kada roba ta narke, idan ta yi laushi a tura da ƙotar guduma, sannan a danna tsumma mai ruwan sanyi don ta tsaya a haka. Tsagewar kuma sai da suka huda ɗan ƙaramin rami a ƙarshenta don kada ta ci gaba, suka fafe bakinta kamar harafin V, suka narkar da ragar ƙarfe marar tsatsa ta ciki, suka cike da ɓallin tsohuwar bamba mai hatimi iri ɗaya. Aiki ne mai kyau. Fila kaɗan suka shafa, irin na roba mai lanƙwasa, bai kai kaurin farce ba.

Wajen goga, sun fara da samfefa mai lamba 180, suka koma 320, bayan firaima, wato fentin shimfiɗa da ake fesawa kafin kala, suka bi da 600. Ga fenti mai ƙyalli da sun ƙarasa da 800 da ya fi, domin ruwan azurfa ba ya rufa asirin zanen samfefa ko kaɗan. Amma ba su tsallake abin da ya fi muhimmanci ba: ruwan nan da ake fesawa siriri a kan tsirarar roba kafin firaima don fenti ya samu abin kamawa. Duk bambar da ka gani fentinta na saluɓewa kamar ɓawon albasa bayan an wanke ta da injin ruwa, to wannan matakin aka yi wa rowa.

Inda ake rabuwa tsakanin gwani da ɗan koyo shi ne kala. A Toyota lambar fenti tana kan takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, bayan haruffan C/TR. Ta wannan mota 1F7 ce. Farin Toyota na gama-gari 040 ne, fari mai sheƙin lu'ulu'u 070, baƙi 202. Honda kuma lambobinta na fari, baƙi da toka da NH suke farawa. Mutane da yawa suna zaton da an kai wannan lamba wurin mai haɗa fenti magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Lambar tana faɗin kalar motar ranar da ta fito daga masana'anta ne, ba kalarta bayan ta sha ranar Kano shekara da shekaru ba. Kuma lamba ɗaya kan zo da 'yan bambance-bambance, wata ta fi duhu, wata ta ɗan karkata rawaya, gwargwadon masana'antar da ta fesa ta. Ga wata matsalar: yawancin motocin da ake shigo da su na hannu an riga an sake fesa wani ɓangarensu, don haka lambar ƙofa na iya faɗin abu ɗaya, jikin motar na faɗin wani.

Abin da garejin nan ke yi, kuma shi ne dalilin da ya sa ya cancanci a je, shi ne gwaji a kan faranti. Da farko sukan goge gefen motar da ke maƙwabtaka da bambar da man foli, don ainihin kalar ta fito daga ƙarƙashin dauɗa. Sannan su fesa fentin da aka haɗo a kan wani ɗan gwangwani, su bi shi da kiliya, wato ruwan sheƙi marar kala da ake rufe fenti da shi, su bar shi ya bushe, su fita da shi rana su kara da jikin mota. Ana dubawa ta gaba, a duba ta gefe. A wannan aikin farantin farko ya yi daidai ta gaba amma ta gefe ya fi motar duhu. Sai da aka gyara haɗin aka sake fesawa sau biyu. Wanda ya tsoma yatsa a gwangwani ya shafa a jikin mota ya ce maka ya yi, ka ɗauki makullinka ka tafi. Ɗanyen fenti da busasshe ba kalarsu ɗaya ba, balle mai ƙyalli, wanda ƙwayoyin alminiyon da ke cikinsa ke sauya haske gwargwadon yadda suka kwanta. Idan aka fesa shi jiƙe-jiƙe ya kan yi duhu, idan aka ja bindigar feshi baya ya sauka a bushe sai ya yi haske. Fenti ɗaya, hannu biyu, kala biyu.

Sun fesa kalar sau uku da tazarar kamar minti 10, bakin bindiga na kimanin santimita 15 zuwa 20 daga bambar, sannan suka yi wani feshi marar nauyi a ƙarshe don ƙyallin ya bazu ba gajimare. Kiliya sau biyu, kashi biyu na kiliya da kashi ɗaya na hadina, wato ruwan da ke sa ta ta taurare, kamar yadda gwangwanin ya ce, kuma da kofi mai awo suka auna, ba da ido ba. Sun rufe bambar duka da kiliya maimakon su tsaya a kusurwa, wanda shi ne daidai, don bakin kiliyar da aka yanke a tsakiya rana kan tona shi. Mai garejin yana faɗa tun kafin a fara cewa bamba ba za ta taɓa zama tagwaye da ƙarfen mota ɗari bisa ɗari ba. Ko sabuwar mota ka duba da kyau za ka ga ɗan bambanci, tunda roba da ƙarfe ba sa karɓar fenti iri ɗaya. Gaskiya ya faɗa.

Rauninsu ƙura. Ba su da rufaffen ɗakin feshi, rumfa ce da tamfol, suna yayyafa ruwa a ƙasa kafin su fara. Da damina wannan kan wadatar, amma da hunturu ba abin da zai hana ƙura sauka, ga shi roba na janyo ta da kanta. A wannan bambar an samu ƙwayoyi huɗu ko biyar a saman kiliya, waɗanda suka goge washegari da samfefa 2000 da ruwa suka bi da foli. Sun ɓace, amma kowace goga tana rage kaurin kiliya. Kwamfuresonsu ma ba shi da matatar ruwa a kusa da bindiga. Ranar da suka manta ba su zubar da ruwan tanki ba, ƙananan ramuka za su fito a fenti. Sannan kilif biyu, wato 'yan maƙallan da ke riƙe bambar, sun karye wajen kwancewa aka ɗaure da waya, abin da bai dace ba alhali kasuwar kayan gyara na nan kusa. Ka ce a sa sababbi, ka kuma duba ratar da ke tsakanin bamba da fitila ta dama da ta hagu kafin ka biya.

Ga gogewa, lotsawa da tsagewar da ba ta kai tafin hannu ba, wurin ya isa. Idan kunnuwan da ke riƙe bambar sun karye da yawa, sayen ta hannu a fesa ya fi arha a ƙarshe. Mota mai fari 070 kuwa, wanda ake fesawa hawa uku, gara a kai ta inda ke da rufaffen ɗaki. Ka ba su kwana biyu, kada ka matsa musu su gama a yini, kuma kada a shafa wa bambar kakin ƙyalli sai ta yi kamar wata guda.