Ƙudan kurjet a lambun gida a Yamai: gidan sauro ko ruwan dogon yaro?

Idan ƴaƴan kurjet (wata doguwar kabewa mai kama da kokwamba) ƙanana suna lanƙwashewa suna ruɓewa, a tsaga ɗaya a duba. In da fararen tsutsotsi a ciki, ƙuda ne ya huda fata ya zuba ƙwai.

Ruwan dogon yaro ya fi arha. A daka busassun ƴaƴansa rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa lita 10 ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da marece duk mako. Yana korar ƙuda kaɗan, amma ba ya kai wa tsutsar da ta riga ta shige, kuma rana tana saurin kashe ƙarfinsa.

Rufe shukar da tsohon gidan sauro ya fi tsarewa, muddin an ɗinke huji an danne gefensa da ƙasa. Matsalarsa, yana hana ƙudan zuma shiga, sai an haɗa furen da hannu: kafin ƙarfe 9 na safe a tsinko namiji, a cire ganyensa, a goga garin a tsakiyar macen, wato mai ɗan kumburi a gindi. Ga gindi biyar ko shida wannan ba wani aiki ba ne, don haka gidan sauron ya fi.

Ƴaƴan da suka harbu kuwa, a ɗaure cikin baƙar leda a ajiye a rana.