Gungumen Robiniya: Dirkar Shinge ko Itacen Wuta?

Manomin gabashin Amurka da ya sare bishiyar robiniya, wadda a can suke kira black locust, zaɓi biyu ne a gabansa: ya kafa gungumen a shinge, ko ya faskara shi don ɗumama gida da hunturu. Asalin bishiyar tsaunukan Afalashiya ne da ke gabashin Amurka, amma ta bazu a Turai, musamman Hungari.

A shinge ne take nuna kanta. Zuciyar itacen na ɗauke da sinadaran da ke hana ruɓewa, don haka dirka kan yi shekaru da dama a cikin ƙasa ba tare da an shafa mata magani ba. Wanda ya san taurin kirya zai gane nufina. Sai dai a ɓare ɓawon tukuna, domin shi da farin itacen da ke ƙarƙashinsa ne ke saurin lalacewa. In ta bushe kuwa, ƙusa lanƙwashewa take yi, dole a fara huda rami.

A murhu ma ba baya ba ce: tana ci a hankali, zafi mai yawa, garwashinta ya kwana. Amma tana da wuyar kamawa, kuma takan yi tartsatsi, shi ya sa murhun ƙarfe mai ƙofa ya fi dacewa da ita.

Ni dai a ganina, ƙona miƙaƙƙen gungume asara ce. A ware miƙaƙƙu don shinge, karkatattu da rassa da guntaye su tafi wuta.