Gargaɗi: masu fulotin "biya kaɗan-kaɗan" a bayan garin Accra

Jama'ar Nima, Mamobi, Madina da Sabon Zango, da 'yan'uwa da ke turo kuɗi daga Jamus da Amurka, a yi hattara da tallan fili da ke yawo a WhatsApp. Salonsu ɗaya ne: fuloti mai ƙafa 70 da 100 a wajen Kasoa, Amasaman ko Dodowa, farashi ƙasa da na maƙwabta, bas kyauta ranar Asabar, sai a ce garaɓasar za ta ƙare ƙarshen wata. Ana karɓar kafin alƙalami ta MoMo (tura kuɗi ta waya) a lambar wani mutum, takardar indenca, wato yarjejeniyar cinikin fili, kuma sai ka gama biya.

Ba duk mai sayarwa kashi-kashi ne ɗan damfara ba. Amma ga inda ake cin mutane, har da masu ganin sun waye.

Kowa ya ji ana cewa a je Lands Commission, hukumar filaye ta ƙasa, a yi bincike. To, binciken nan a kan taswirar da ka miƙa ake yin sa, ma'aikatan ba sa bin ka daji. Macucin zai tsayar da kai a kan fili mai kyau kusa da titi, sannan ya ba ka taswirar wani wuri dabam da ba shi da matsala. Sakamako ya fito fes, ka biya, ranar da ka kai bulo sai ga mai filin na gaskiya da takardarsa. Maganin abin shi ne ka ɗauki safiyonka mai lasisi, wanda kai za ka biya, ya ɗauki lambobin kusurwa huɗu na inda aka nuna maka, ya zana sabuwar taswira. Da ita za ka yi bincike. Mai sayarwar da ya ce safiyon kamfani ya wadatar, ka riƙe kuɗinka.

Ko da taswirar daidai ce, sakamako mai cewa ba a rubuta wata mu'amala a filin ba bai nuna cewa na mai sayarwa ne ba. Yana yiwuwa an sayar wa mutum uku, babu wanda ya yi rajista. Saboda haka a koma wurin ba tare da dillali ba, a tambayi mai aikin gini na kusa da mai shagon bakin hanya. Tsohon turakun siminti, yashin da ciyawa ta rufe, harsashin da aka bari, duk alamun wani ya riga ka ne.

Sai batun wanda ya sa hannu. Filin dangi sai shugaban dangi tare da manyan gidan, ɗa guda ba ya sayarwa shi kaɗai. Filin sarauta kuwa haya ce, yawanci shekara 99 ga ɗan ƙasa, kuma kundin tsarin mulki na 1992 ya hana mallaka ta har abada a kansa. Wanda ba ɗan Ghana ba, iyakarsa shekara 50. Idan kamfani ne ya karɓa daga sarki, a nemi ganin takardarsa, a lissafa shekarun da suka rage. Sunan da ke kanta ya dace da na Ghana Card ɗin mai sa hannu, ko da takardun rajistar kamfanin.

Haka kuma a leƙa ofishin tsare-tsare na Assembly, wato ƙaramar hukumar yankin, domin wasu fulotan a kan hanya ko magudanar ruwa suke.

Alhaji, kada kunyar "ai ɗan'uwa ne, a masallaci muka haɗu" ta hana ka biya ta banki da sunan da ke takarda. Lauya ya duba indenca kafin kuɗi su fita, a biya harajin hatimi, a shigar da rajista nan take.

Wanda aka riga aka cuta ya daina biya, kuma kada ya ɗauko 'yan langad, wato 'yan daban da ake haya su tsare fili. Dokar filaye ta 2020, Act 1036, ta tanadi ɗauri har shekara 15 ga masu gadin nan da mai ɗaukar su, haka ma mai sayar da fili ɗaya ga mutum biyu. A tattara rasit, saƙonnin MoMo da hirar WhatsApp, a kai sashen damfarar kadarori da ke hedikwatar CID, 'yan sandan binciken laifuka, a Accra.